Zangon Mai Tanti A Gaɓar Tekun Ostireliya: Kada Farashi Ya Zama Shinge

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. A watan Maris na shekarar 2016, lokacin ina ƙarin karatu a birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, wasu abokan karatuna biyu suka ja ra'ayina muka yi wata tafiya wadda da a gida nake, da an ce na samu taɓin hankali. Muka goyi jakunkuna ɗauke da tanti da bargo da guzurin kwana takwas, muka kama hanya a ƙasa, muna bin gaɓar teku, ba don mun rasa kuɗin mota ba, ba kuma don muna neman wani abu a ƙarshen hanyar ba. Su mutanen can wannan al'ada ce a wurinsu, kamar yadda kilisa take a wurin mai doki. Abin da ya sa na ɗauko zancen a yau shi ne wata muhawara da ta daɗe tana zafi a tsakaninsu, wato a ina matafiyi zai kwana a irin waɗannan hanyoyi, wa zai gina makwancin, kuma nawa za a biya. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da rigimar masu yawon daji a ƙarshen duniya. Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin a ganina tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta shafi duk ƙasar da ke da filin da ake kira na jama'a.

Bari in fara da kalma. Wurin da masu wannan tafiya ke yada kaya su kwana ba shi da sunan da ya fi dacewa da shi a harshenmu kamar zango. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san cewa hanya ba ta amsa sunanta sai da zango. Madugu ba ya lissafin tafiya da tsawon ƙasa, da yawan zanguna yake lissafinta, kuma ayarin da ya rasa inda zai sauka ya sha ruwa, tafiyarsa ta watse ko da hanyar a buɗe take. Har yau sunan yana nan a Zangon Daura da Zangon Katab, da unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya mallaki zango ya mallaki hanya. Wannan ita ce gaskiyar da Turawan Ostireliya suke ta kai-kawo a kanta a yau.

Hanyar da muka bi ana kiranta Great Ocean Walk, tana jihar Biktoriya, an buɗe ta a shekarar 2006. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 100, ta tashi daga garin Apollo Bay ta ƙare a wasu dogayen duwatsu da ke tsaye cikin teku, waɗanda ake wa laƙabi da Manzanni Goma Sha Biyu, ko da yake ba su taɓa kai wannan adadi ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya rufta cikin ruwa a 2005. Mafi yawan hanyar tana cikin gandun dajin ƙasa na Great Otway, ƙarshenta kuma ya shiga na Port Campbell. An tanadi zanguna bakwai domin masu tafiya a ƙasa: Elliot Ridge da Blanket Bay da Cape Otway da Aire River da Johanna Beach da Ryans Den da Devils Kitchen. Kowa daga gabas yake tashi ya nufi yamma, kuma sai ka kama wuri tun kafin ka bar gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ke cikin zangon? Ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai 'yan filaye da aka share daidai shimfiɗar tanti, da rumfa mai bango uku da tebur inda za a fake wa ruwa da iska a dafa abinci, da tankin da ke tara ruwan sama daga rufin rumfar, da masai irin wanda ba ya bukatar ruwa. Shi ke nan. Ruwan tankin sai ka tafasa kafin ka sha, kuma sai ka yi tsimi ko a wajen alwala, don akwai masu zuwa bayanka. Ba a hura wutar itace, kowa da ɗan murhunsa na gas. Babu kwandon shara, abin da ka shigo da shi kai za ka fita da shi a bayanka. A wasu wurare hanya takan rabu biyu, ɗaya ta bi rairayin bakin ruwa, ɗaya ta hau tudu, kuma an kafa allo ana gargaɗin kada a bi ta ƙasa sai teku ta janye. Wanda ya raina gargaɗin ya tuna cewa wannan gaɓa ta ci jiragen ruwa masu yawa. A wani bakin ruwa har yanzu ana ganin ƙarfen angar jirage biyu da suka nitse, ɗaya a 1869 ɗaya a 1891, kuma a can gaba kaɗan jirgin Loch Ard ya tarwatse a 1878 da mutum 54, biyu kacal suka tsira.

Ba zan manta da daren Ryans Den ba. Ranar ce mafi wahala, hawa da sauka tun safe har cinyoyi suka ɗauki rawa. Da muka isa, sai ga zangon a kan wani tudu, teku a shimfiɗe a ƙasa iya ganinka, rana tana faɗawa cikinta. A nan na yi sallar magariba na juya wa gabas baya, domin a wannan yanki alƙibla tana wajen yamma. Cikin rumfar a daren nan akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya tare da jikanta, da wani matashi mai koyon kafinta, da wasu ma'aurata da suka ce likitoci ne, sai mu ɗalibai uku da ke ƙidaya kwabo. Tebur ɗaya muka zauna, tanki ɗaya muka ɗiba, kuma kuɗi ɗaya muka biya, wanda idan muka raba shi tsakaninmu bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Tsohuwar ta shaida mini cewa tun tana budurwa take kwana a wannan gaɓa, tun kafin a yi hanyar, kuma abin da take tsoro shi ne ranar da jikanta zai zo ya tarar wuri mafi kyau an kewaye shi an sa masa farashi. A lokacin na ɗauka ƙorafin tsufa ne. Daga baya na fahimci ta san abin da take faɗa.

Domin kuwa 'yan watanni kafin wannan dare, a watan Disamba na 2015, jihar Tasmaniya ta buɗe wata hanya mai suna Three Capes Track a gandun dajin Tasman, wadda ta zo da sabon salo. Tsawonta kimanin kilomita 48 ne, kwana uku yini huɗu. Ana farawa da shiga jirgin ruwa daga Port Arthur, tsohon gidan yarin da Ingila ke jibge fursunoninta, a ƙare a Fortescue Bay. Hanyar tana bi ta kan gaɓar dutse mai tsayin kusan mita 300 a Cape Pillar. An kashe sama da dalar Ostireliya miliyan 25 na kuɗin gwamnati wajen gina ta. An shimfiɗa katako da tsakuwa ta yadda ƙafa ba za ta taɓa laka ba, aka gina masaukai uku, Surveyors da Munro da Retakunna, masu katifu da murhun gas da ma'aikacin gandun daji a kowane ɗaya. Da aka buɗe ta, mutum 48 aka ƙayyade su tashi a kowace rana. Farashin da aka fara da shi dala 495 ne a kan kowane baligi, daga baya kuma aka ƙara. Sannan a 2018 wani kamfani mai zaman kansa ya buɗe nasa masaukai biyu a cikin wannan gandun daji dai, inda ake dafa wa baƙo abinci a shimfiɗa masa gado, a kan kuɗin da ya ninka na gwamnati sau da yawa.

To ina mai tanti? Kafin a yi wannan aiki, mutane sun shekara da shekaru suna zuwa Cape Pillar da tantinsu suna kwana a wuraren da suka saba. Da sabon tsari ya zo, sai aka hana kwana a tsofaffin wuraren, aka ware musu zango guda a Wughalee Falls, cikin wani kwari mai danshi da sai an gangara daga babbar hanya. Ƙungiyoyin masu tafiyar daji suka yi ta kuka, daga baya aka ƙara wani zangon a Bare Knoll. Har ila yau mai tanti ta tsohuwar hanya yake shigowa daga Fortescue Bay, kashin farko na tafiyar da ke farawa da jirgin ruwa ba nasa ba ne. A taƙaice dai an samu hawa uku a cikin daji ɗaya na al'umma ɗaya: mai dubbai yana da masaukin kamfani, mai ɗaruruwa yana da na gwamnati, mai tanti kuma an bar masa abin da ya saura.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, kuma hujja ce mai nauyi. Na farko, jakar mai tanti takan kai kilo 15 zuwa 20, kuma ba kowa ke iya goyon wannan na kwanaki ba. Dattijo mai ciwon gwiwa da uwa mai yara ƙanana su ma 'yan ƙasa ne, kuma masauki ya buɗe musu ƙofar da a da take rufe. Ni kaina da na goyi jakar nan na san abin da kafaɗa ke faɗa a rana ta biyar. Na biyu, kwana barkatai yana kashe daji. Akwai wata cuta ta saiwar tsirrai da ke bin lakar takalmi daga wuri zuwa wuri, shi ya sa ake kafa wuraren goge takalmi a kan hanyoyin. Akwai wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da ke saka ƙwansa a kan rairayi tsirara, taku ɗaya ya isa ya hallaka shi. Akwai tarin ɓawon kifin kwari da 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, suka bari tun dubban shekaru, wanda jahilin baƙo zai iya kafa tanti a kai bai sani ba. Ga kuma gobara, wadda duk wanda ya ga abin da ya faru a bazarar 2019 zuwa 2020 ba zai yi wasa da ita ba. Na uku, gyaran hanya da kwashe masai da biyan ma'aikata duk kuɗi ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan batu na ƙarshe ma jihar Biktoriya ta gwada shi ta ga sakamako. Daga 1 ga Disamba 2024 zuwa 30 ga Yuni 2025 gwamnatin jihar ta mayar da kwana kyauta a zanguna 131 da a da ake biya. Niyya mai kyau ce, amma me ya faru? Mutane suka riƙa kama wurare a intanet tun da ba asarar da za su yi, sannan su ƙi zuwa. Sai ka ga zango a rubuce ya cika, a zahiri kuma rabinsa wayam, alhali wani mai iyali yana gida ya rasa wuri. Da wa'adin ya cika ba a sabunta shirin ba, aka koma karɓar rabin kuɗi. Darasin a fili yake, abin da ba a biya masa komai ba, ba a ganin girmansa. Su ma fatakenmu na da ba kyauta suke wucewa ba, suna biyan kuɗin fito a bakin kogi, suna ba sarkin gari abin gaisuwa kafin su sauka.

Na amince da duk waɗannan. Amma a lura da kyau, babu ɗaya daga cikin hujjojin nan da ke nuna cewa sai an tura mai tanti cikin kwari. Idan ana tsoron ɓarnar daji ne, maganinta zango tsararre mai dandamalin katako da masai da tanki, kamar waɗanda muka kwana a cikinsu, ba lallai sai gini mai katifa ba. Dandamalin tanti ana iya ɗauke shi gobe ciyawa ta mayar da wurin kamar ba a taɓa ba, shi kuwa babban gini a kan gaɓa sai an sare itace, sai jirgi mai saukar ungulu ya riƙa jigilar gas da kaya. Idan ana tsoron cunkoso ne, sai a ƙayyade yawan kawuna. A tsibirin Hinchinbrook na jihar Kwinsland akwai hanyar Thorsborne mai kilomita 32, wadda aka shafe shekaru masu yawa ba a barin fiye da mutum 40 a kanta a lokaci guda, kuma wanda ya riga kama wuri shi ke shiga, ko attajiri ne ko ɗalibi. Wannan ƙayyadewa ce ta adalci. Amma idan aka ce farashi ne zai rage jama'a, to an san waɗanda za a rage, kuma ba masu ɓarna ba ne, marasa hali ne.

A nan ne nake ganin ainihin kuskuren yake. Gandun daji na ƙasa ba gona ba ce da gwamnati ta saya don ta ci riba. Tun da aka kafa na farko a ƙasar, wanda yanzu ake kira Royal National Park, a kudu da Sidni a 1879, shekara bakwai bayan Yellowstone na Amurka, manufar ita ce ma'aikacin birni ya samu inda zai sha iska. Harajin mai koyon kafintan nan da na tsohuwar ma'aikaciyar jinya yana cikin miliyoyin da aka shimfiɗa hanya da su. Idan aka gina hanya da kuɗin kowa, sannan aka jingina mafi kyawun wuri a kanta ga kamfani ya riƙa sayar wa 'yan ƙalilan, to an maimaita labarin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da kamfanin ke sayarwa a haƙiƙa ba katifa ba ce, domin akwai katifa a kowane otal na gari. Faɗuwar rana a kan teku yake sayarwa, da shirun daji, da tsayin gaɓa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙera ko ya saya.

Wani abin da ya kamata a yi la'akari da shi shi ne, irin wannan al'amari ba ya tsayawa inda ya fara. A 2014 gwamnatin Tasmaniya ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su kawo shawarwarin gine-ginen yawon buɗe ido a cikin gandayen daji. Daga cikin abin da aka kawo har da gina jerin masaukan kamfani a kan South Coast Track, hanya mai kimanin kilomita 85 daga Melaleuca zuwa Cockle Creek, wadda mafi yawan masu binta a ƙaramin jirgin sama suke isa bakinta, su haura tsaunin Ironbound, su tsallake ruwan New River Lagoon a kwale-kwalen da suke tuƙawa da hannunsu. Darajar wannan hanya ita ce rashin gini a kanta. Wanda ya ce zai ƙawata ta da masauki kamar wanda ya ce zai gyara rijiya ne ta hanyar cike ta. Kuma da zarar kamfani ya zuba jari, sai ya zama yana da bakin magana a kan yadda za a tafiyar da dajin: a faɗaɗa nan, a hana kwana can don kada a ɓata wa baƙinsa gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya burge ni da mutanen can shi ne ba sa naɗe hannu. A ƙarshen 1996, da gwamnatin Biktoriya ta so a gina otal a gandun dajin Wilsons Promontory, kimanin mutum 2,000 suka taru a bakin ruwa da dare riƙe da tocila, suka jera kansu suka rubuta da haske cewa a cire hannu daga wurin. Ba a gina otal ɗin ba. A 2013 wata gwamnatin ta yi dokar da ta ba da damar jinginar da fili a gandun daji har shekara 99, amma da mulki ya canza hannu aka soke ta a 2015, aka mayar da iyakar zuwa shekara 21. Waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya galibinsu mutane ne da iyayensu suka kai su daji da tanti suna yara. Wannan shi ne abin da masu lissafin riba ba sa sawa a ma'auni. Yaron da ya kwana a ƙasa ya ji kukan teku shi ne zai tsaya wa dajin idan ya girma. Idan aka kore shi da farashi a yau, gobe da mai haƙar ma'adinai ya zo ba za a samu mai riƙe tocila ba.

Saboda haka, a nawa ra'ayin, mafita ba ta da wuyar ganewa. Da farko, duk hanyar da aka gina da kuɗin jama'a, a tanadi zangon tanti a kowane mataki nata tun daga zanen farko, a wuri mai kyau daidai da na masauki, kuma mai tanti ya samu ikon bin hanyar tun daga farkonta har ƙarshe. Na biyu, a karɓi kuɗi kaɗan wanda zai sa mutum ya girmama alƙawarinsa, a kuma mayar masa da shi idan ya fasa da wuri, domin wani ya samu wurin. Na uku, idan za a gina masauki don dattijai da masu iyali, a gina shi daidai wa daida, ya zama mallakar hukuma, ribarsa ta koma cikin dajin. Na huɗu, mai son gadon alfarma da girki na musamman ba a hana shi ba, amma a gina masa a wajen iyakar gandun. Hakan kuwa mai yiwuwa ne, domin a hanyar da muka bi mun yi ta haɗuwa da mutane ɗauke da 'yar jakar ruwa da abincin rana kawai, waɗanda mota ke jiransu da yamma ta kai su masaukai a ƙauyukan kusa, da safe ta dawo da su inda suka tsaya. Sun ga abin da muka gani, mutanen ƙauye sun samu ciniki, dajin kuma bai rasa ko itace ɗaya ba. Na biyar, kada a yanke shawarar inda za a kafa ko da turken tanti ne ba tare da 'yan asalin ƙasar ba, domin gaɓar nan tasu ce tun kafin jirgin Bature na farko ya hango ta.

Yanzu bari in waiwayo gida kaɗan, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, amma wanda ya san Legas ya san cewa Bar Beach, inda talaka ke zuwa shan iska ba ko sisi, ta shige ƙarƙashin ginin Eko Atlantic, kuma mafi yawan wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a birnin sai ka biya a ƙofa. A nan Arewa ba mu da teku, amma muna da Yankari, wadda ta zama gandun dajin ƙasa a 1991 aka mayar wa jihar Bauchi a 2006, muna da Gashaka-Gumti da tsaunin Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsayi a ƙasar. A duk lokacin da aka tashi zancen farfaɗo da irin waɗannan wurare, abin da ake fara ambata shi ne mai zuba jari da otal na alfarma. Ban cika jin wanda ya tambayi inda ɗaliban sakandare ko malamin firamare da iyalinsa za su kafa tanti cikin aminci da kuɗi kaɗan ba. Mun kuma riga mun ga abin da ke faruwa idan aka cinye hanya da zangonta, domin burtali da mashekarin makiyaya ba da rana ɗaya suka ɓace ba, taku-taku aka yanka su, kuma har yau muna biyan farashin da jini. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga kuwa, ba ya zama fanko, wasu ne ke tarewa a ciki.

Ina kira ga 'yan bokonmu, musamman waɗanda Allah Ya ɗora a kan kujerun tsara manufofi, da su riƙa yin wannan tambaya a duk lokacin da aka kawo musu takardar jinginar da wani fili na jama'a: bayan an gama ginin, ina wanda ba shi da hali zai sauka? Idan babu amsa a cikin takardar, a mayar da ita a sake rubutawa, domin tun ran gini ran zane.

A rana ta takwas, da muka iso ƙarshen hanya, muka tarar da ɗaruruwan baƙi da manyan motoci suka sauke, suna ɗaukar hoton duwatsun na 'yan mintoci suna komawa. Muka ajiye jakunkuna muka zauna a gefe, jikinmu duk ƙura, ƙafafu sun yi kanta. Tsohuwar nan da jikanta sun riga mu isowa, yaron yana ta lissafa mata zangunan da suka kwana da yatsunsa, yana tambayarta wace hanya za su bi baɗi. Fatana shi ne idan ya kai shekarunta, ya tarar da zangon Ryans Den yana nan a kan tudunsa, da rumfarsa da tankinsa, a kan farashin da mai koyon kafinta zai iya biya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar abin da yake na kowa, Ya sa mu dace, amin.